Wanda Ya Kamata Ya Shiga Kabarin Sidi

Sidi ya rasu da hantsi, ana saura 'yan kwanaki alhazai su fita Mina, kuma kafin a kira Magariba har an dawo daga maƙabarta. Haka ake yi a Makka. Sidi kakana ne na wajen uba, muna kiransa haka kamar yadda yaran garin nan ke kiran kakanninsu. An wanke shi, an kai shi Harami, an yi masa salla bayan La'asar tare da wasu alhazai da suka rasu a ranar, aka wuce da shi maƙabartar Shara'i. Ni ban ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ina kicin ina wanke finjalai.

Aikin da aka ba ni ke nan duk kwanakin zaman makoki, domin an san ba na iya zama a tsakiyar mutane. Amma ƙofar kicin ɗinmu tana kallon falon mata, tagarsa kuma tana kallon lungun da aka jera wa maza kujeru. Saboda haka na ji abubuwa da yawa.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta fara kukanta da Larabci, da ya yi tsanani sai ta koma Hausa. Wata maƙwabciya ta ce, "Allah ya jiƙansa, amma fa akwai tsanani. Ɗana ya taɓa jefa gwangwani a ƙofar gidan nan, sai da ya sa shi ya share lungun duka." Aka yi 'yar dariya, aka share hawaye. Sai tsohuwar da ke sayar da ƙosai a unguwar Mansur ta gyara zama ta ce ita ba tsanani ta sani ba. Ta ce shekarar da ruwan sama ya cika lungunsu har ya ɗauki motoci, shi ne ya fito da igiya, ya ɗaura ta daga wannan ƙarfen taga zuwa wancan, ya riƙa tsallakar da mutane ɗaya bayan ɗaya. "Ni da kaskona ya ɗauke mu," in ji ta. "Na ce masa, Alhaji, kaskona! Ya ce, riƙe shi da kyau, ni zan riƙe ki. Bai tambayi kowa takardar zama ba ranar, bai tambayi ɗan wane ne ba."

A waje kuma na ji wani saurayi yana ce wa abokinsa, "Wai ashe soja ne? Wallahi na ɗauka tsohon mai gadi ne."

A rana ta biyu wasu dattawa suka zo tare. Na gane abokan aikinsa na soja ne tun kafin a faɗa, domin sun zauna kamar yadda Sidi ke zama, ba su jingina da kujera ba. Kowannensu ya sha finjali ɗaya na gahawa ya girgiza shi, alamar ya isa. Sai ɗayansu ya sunkuyo wajen Baba ya tambaye shi da Larabci, "Ina abokin igiyarsa?"

Baba ya ce, "Bai zo ba."

"To wa ya shiga kabarin?"

"Ni da ƙanena."

Dattijon ya dubi 'yan'uwansa, ya ce, "La haula wala ƙuwwata illa billah."  Baba ya sunkuyar da kai.

Na san wanda suke nufi. Baban Jidda ne, kamar yadda muke kiransa don a Jidda yake zaune, aminin Sidi, wanda ban taɓa gani da idona ba. Na kuma san alkawarin da ke tsakaninsu: duk wanda ya riga mutuwa, ɗayan ne zai sauka cikin kabari ya karɓe shi ya kwantar da shi. Dalilin da ya sa nake wannan rubutu ke nan, da Hausar da na koya a bakin Sidi da Hajiya, kakarmu. Ƙannena Larabci kawai suke ji sosai, kuma ina tsoron nan gaba abin da za su tuna shi ne wani tsoho mai faɗa a kan takalma.

Gaskiya ne yana faɗa a kan takalma. Dole a jera su bakinsu na kallon ƙofa, don in an tashi fita da gaggawa kada a tsaya juyi. Ranar da aka kawo sabuwar tukunyar gas kuwa, ba mai kunna wuta sai ya zo da kumfar sabulu ya shafa a bakin tiyo, ya durƙusa yana kallo ko za ta yi ƙwai. Umma, mahaifiyata, takan ce, "Baba, abinci fa zai makara." Ya ce, "Ya makara ɗin. Iska ba ta sallama in za ta gudu." Igiyar shanyar da ya ɗaura mana a saman soro ba ta taɓa saki ba, amma in ya so kwance ta, da ja ɗaya take warwarewa.

Kunnensa na hagu ya mutu tun yana aiki, saboda haka duk mai son magana da shi sai ya zagayo dama. A tsakiyar kansa akwai wani wuri da gashi bai tsiro ba, fatar ta yi kauri kamar ta tafin ƙafa. Da muna ƙanana mukan taɓa mu gudu. Kuma ba ya yarda kowa ya fita shi kaɗai. In za mu Harami da azumi, sai ya tsaya a ƙofa ya haɗa mu biyu-biyu. Ko kanti aka aike ni, sai na ji muryarsa daga ɗaki: "Mai shiru, ina ta biyunki?"

Mai shiru yake kirana. Da la'asar in na dawo daga makaranta ni ke kai masa shayi, in zauna ta damansa in buɗe littafina. Yakan ce, "Ke kaɗai ce a gidan nan ba kya katse mutum." Ta haka na ji labarin, guntu-guntu, ba a jere ba.

A unguwar Jarwal ta nan Makka aka haife shi, tun gidajen da ke wurin ba su zama otal-otal ba. Ya ce har ya zama saurayi bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Duk da haka ya shiga sojan ruwa, kuma da aka zo neman waɗanda za su gwada shiga runduna ta musamman, masu nutso, waɗanda mutane ke kira kwaɗi, ya ɗaga hannu. Na ce, "Sidi, ba ka iya iyo ba ka ɗaga hannu?" Ya ce, "Kowa ya ɗaga, ni kaɗai zan bar nawa a ƙasa? A ce ɗan Makka ya ji tsoro?"

Ranar gwaji aka jera su a bakin ruwa aka ce su faɗa. Ya faɗa, ya wuce ƙasa kamar dutse. Ya ce yana cikin haɗiyar ruwa ya ji an cafko wuyan rigarsa an jawo shi sama, sai ga wata baƙar fuska a gabansa tana ce masa da Hausa tsantsa, "Kai, mahaukaci ne kai?" Wannan shi ne Baban Jidda. Ya tashi a cikin masunta, yana iyo tun kafin ya yi wayo. Shi ya riƙa koya wa Sidi iyo a lokacin hutu, yana zaginsa yana dariya, har aka sake gwajin Sidi ya haye. Su biyu ne kawai Hausawa a cikin waɗanda suka rage.

Horon kuwa, in yana faɗa sai in ajiye alƙalami. Gudu a kan yashi da takalman soja a jiƙe. Iyo da hannuwa a ɗaure ta baya. Akwai makon da ba a barci sai gyangyaɗi a tsaye, ana shigar da su teku da sanyin hunturu har haƙoransu su riƙa haɗuwa. Suna ɗaukar kwalekwalen roba a ka su yi ta gudu da shi, kuma shi ne ya cinye gashin tsakiyar kansa. Wanda ya gaji, ya cire hularsa ya ajiye ya tafi, ba mai zaginsa. Ya ce kullum da safe yakan ga hulunan sun ƙaru. "Na so in ajiye tawa," in ji shi. "Sai wancan ya raɗa mini, in ka ajiye zan je Jarwal in faɗa wa uwarka." Ya yi dariya har da tari.

Amma abin da ya fi maimaitawa shi ne igiya. A ƙarƙashin teku, inda mutum ba ya ganin tafin hannunsa, biyu-biyu ake nutsawa, da gajeriyar igiya daga hannun wannan zuwa na wancan. Da ita ake magana. Ka ja, a ja maka, ka san lafiya. Dokar ɗaya ce: ba a sakinta. In za a hau, tare za a hau. Wata rana suna duba ƙarƙashin wani jirgi, na'urar numfashin Sidi ta tsaya. Ba a hawowa da sauri daga zurfi irin wannan, jini ne ke lalacewa. Baban Jidda ya cire abin numfashinsa daga baki ya tura a bakin Sidi, suka riƙa karɓa-karɓa, suna hawa a hankali. Da aka jawo su cikin kwalekwale, suna kwance suna amai, a nan suka yi alkawarin kabarin. Sidi ya ce, "Tunda ka saba sauka da ni."

Inda ake tura su aiki kuwa, bai taɓa faɗa ba, ko da wasa. Hajiya ta ce ita da jaka take ganewa. Akwai wata koriyar jaka a bayan ƙofa. In ta tashi ba ta gan ta ba, to ya tafi, ba ta san ko kwana nawa ba. In ya dawo, kayansa na warin gishiri da man inji, ya ci abinci ya yi barci, ita kuma ba ta tambaya. Ta ce ita da matar Baban Jidda sukan kira juna a waya, ba don su ce komai ba, sai dai wannan ta ce, "Taki jakar na nan?" waccan ta ce, "Babu." Shi ke nan, sun san tare suke.

Rigimar ta zo ne bayan shekaru, lokacin da aka mai da Sidi mai horar da sababbi. Babban ɗan Baban Jidda ya shiga horon, ya wuce gudu, ya wuce makon rashin barci. Sai ranar nutso cikin duhu ya firgita, ya kwance igiyar hannunsa ya hau shi kaɗai, ya bar abokinsa a ƙasa. An ciro abokin da rai. Sidi ya jera su a bakin ruwa, ya kira yaron gaba, ya karɓi hularsa da hannunsa.

Hajiya ce ta ba ni sauran, domin tana bayan labule ranar da Baban Jidda ya zo. Ta ce ko takalmi bai gyara ba ya shigo.

"Mu nawa ne a wurin nan?" in ji shi. "Ni da kai. Na kawo na uku, kai ne da hannunka ka kore shi."

Sidi ya ce, "Ya saki igiya."

"Yaro ne! Tsoro ya ji!"

"Wanda ya bari a ƙasa ma yaro ne. Yana da uba."

"Ban ce ka rufe ba. Amma ka zo ka faɗa mini da bakinka. A bakin direba na ji, ɗan'uwana. A bakin direba!"

 Baban Jidda ya tashi ya bar shayinsa bai taɓa ba. Ba a haife ni ba a lokacin.

Daga nan kowa ya zauna yana jira. Hajiya ta sha ce wa Sidi ya je. Ya ce, "Ni ne babba, ƙarami ke zuwa wajen babba." Ta ce, "Amma kai ka ɓata masa, wanda ya ɓata shi ke zuwa." Ya ce, "Ban ɓata ba, aikina na yi." Aka yi bukukuwa a gidan nan aka yi a can, aka aika goron gayyata ta hannun mutane, kowa ya aiko da sanarwar uzuri. Jidda kuwa ba nisa. Mukan je mu ci kifi mu dawo a yini ɗaya.

Sau ɗaya na ji ya faɗi wani abu dabam. Yana juya cokali a shayi ya ce, "Mai shiru, korar daidai ce. Ko yau zan sake. Amma da na shiga mota da yamman nan na riga labarin isa gidansa." Na ƙara masa sukari.

Bayan ƙaramar salla jikinsa ya yi rauni. Wata rana ya sa aka kira Baba da Baffa, ƙanen Baba, ya ce su kawo masa Baban Jidda. Baffa ya zaro waya ya ce, "Yalla, yanzu zan nemo lambar ɗansa."

Sidi ya ɗaga hannu. "Bayan shekarun nan duka, a buga masa waya kamar ana kiran mai gas? Ku je da ƙafarku. Ku ɗauki dattijo ɗaya ku tafi da shi, ku ce ni na aiko ku."

Baba ya ce hakan ne daidai, irin wannan ba a waya ake yi ba. Amma lokacin aikin Hajji ya riga ya kama. Baba yana kula da motocin alhazai, Baffa yana aiki a wani otal a Jarwal, sai mu yi kwanaki ba mu ga fuskarsu da rana ba. Dattijon da za su tafi da shi ma yana da baƙi daga Kano a gidansa. Baba ya durƙusa ta daman Sidi ya ce, "Da an sauko daga Arfa za mu je, in sha Allahu. Ranar farko."

Sidi ya ce, "To."

Washegari ya sa Umma ta goge masa farar rigarsa ta rataye a jikin ƙofa. Ya sa na juya masa kujera yadda kunnensa mai ji zai fuskanci zaure. Bai ce don me ba. Rigar tana nan a rataye ranar da ya cika.

A ranar ma na ji Baffa a zaure yana cewa, "Yaya, a kira shi yanzu, zai iya samun La'asar." Baba ya ce, "Da wane baki? Ban je na ce yana kiranka ba, sai in buga in ce ya mutu?" Aka kira Baba a kan takardun asibiti, motar ɗaukar gawa ta iso, aka fita da gudu. Ba wanda ya kira.

Ranar ƙarshe ta zaman makoki, bayan La'asar, wata mota ta tsaya a bakin lungu. Wani mutum mai furfura a gemu ya fito, ya zagaya ya buɗe wa wani gajeren tsoho mai faɗin ƙirji, yana dogara sanda. Dattawan jiya ne suka kai masa labari. Baba ya tashi da sauri har kujera ta faɗi, ya je ya sumbaci kan tsohon. Tsohon ya ce yana so ya yi wa Hajiya gaisuwa. Da yake tana takaba, aka shimfiɗa musu a zaure, ita kuma ta zauna a bayan labule. Ni aka ba gahawa in kai, kuma ba wanda ya ce in fita, sai na tsaya a jikin bango.

"Hajiya, ya haƙuri?"

"Alhamdu lillahi. Sai yau ka ga hanya, ɗan masunta?"

"Sai yau, Hajiya."

"Ka tsufa. Daga muryarka na ji."

"Ke ma ba ki ƙara yarinta ba."

Ta yi wani sauti, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Mai furfurar gemun, wanda na gane shi ne yaron da aka kora, ya matso kusa da labule ya ce, "Umma, ni na daɗe da faɗa wa mahaifina cewa gaskiyar marigayi ce. Na saki igiyar. Da ya bar ni, da wata rana na kashe ɗan wani. Ina koyarwa yanzu, ina lafiya. Na ce mu zo, na ce mu zo."

Baban Jidda ya ce, "Na san gaskiyarsa ce tun a daren farko. Zuwansa kawai nake jira." Ya juya finjalin a hannunsa bai sha ba. "Bai taɓa cewa a kira ni ba?"

 Baba ya sauko daga kan shimfiɗa ya durƙusa a gabansa, ya faɗa masa duka: aiken, da maganar waya, da bayan Arfa. Bai ɓoye komai ba. 

 Na ga hannun tsohon na hagu yana murza wuyan hannunsa na dama. Ya ce, "Ya aiko."

"Ya aiko, Baba. Mu ne ba mu zo ba."

"Da ka buga wayar, da da rarrafe zan zo. Amma da ni ne ma, da ƙafa zan ce a je. Haka muke." Ya share fuskarsa da gefen mayafin kansa. "Wa ya karɓi kansa a cikin ramin?"

"Ni ne."

"Ka kwantar da shi sosai? Ka kwance ɗaurin likkafanin?"

"Na kwance, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Nawa rabin alkawarin ya wuce ni, ba zan same shi ba har abada. Amma nasa yana nan. In tawa ta zo, ɗana zai kira ka, a waya zai kira ka, ko kana tsakiyar Mina ne. Ka zo ka sauka ka karɓe ni a madadin ubanka."

Baba ya ce, "Zan zo."

"Kada ka ce mini bayan Arfa."

"Zan zo, Baba."

Ya miƙo mini finjalin da gahawarsa a ciki, ta riga ta huce. Ɗansa ya kama shi ya tashi, Baba ya riƙe ɗaya hannun, suka fita zuwa Shara'i don a nuna masa wurin kafin rana ta faɗi.

Ya Allah, ga Sidi nan ya zo maka. Ka yafe masa taurin kansa, ka yafe wa waɗanda suka jinkirta, ka yalwata masa inda yake kwance. Ka haɗa shi da amininsa a inda ba sai wani ya jira wani ya fara zuwa ba.